Karan Dawa a Tankin Barau

Duk wanda ya saba bin hanyar Birnin Kudu zuwa Gwaram ya san Barau direba da tsohuwar motarsa. Mutum ne mai fara'a, ga tsafta, bai taɓa yi wa fasinja tsawa ba. Aibinsa ɗaya, allurar gejin mansa maƙaryaciya ce. Ko tanki ya bushe ƙarƙaf, tana nan tsaye a rabi. Shi kuwa gogan naka ko a jikinsa, sai ya zura karan dawa a tanki ya duba inda ya jiƙe. "Kara ba ya ƙarya," in ji shi.

To, ranar da ya ɗauko wata amarya mai suna Sabuwa zai kai ta Gwaram, ya manta da karan, mai ya ƙare musu ƙaf a garin Sara. Bakin mutane kuwa ba ya raina abin magana. Ba wanda ya zagi mota, sai aka ce amarya ce mai farar ƙafa. Har ta yi 'ya'ya sunan bai sake ta ba, kuma abin na cin Barau a rai.

Sai ga bikin Basma, 'yar yayarsa Kaltume, ita ma Gwaram za a kai ta.

"Barau," in ji Kaltume, "in akwalar nan ta ja wa 'yata suna, ni da kai ne."

Cika tanki ba wuya, amma ranar biki mota sawu nawa take yi? Ya garzaya wurin Maikano mai gyaran wayarin mota. Maikano ya ɗaga kujerar baya, ya cire wayar da ta fito daga tanki ya goga ta a jikin ƙarfe. Allura ta yi tsalle ta buga sama.

"Allurarka lafiya lau, Malam Barau. Ciwon yana ciki."

Ya kwance murfin, ya zaro ƙarfen nan mai ƙwallo a baki, wanda ke bin mai sama da ƙasa. Ai sai ga guntun kara, ya yi baƙi ƙirin, ya tokare shi a tsakiya. Maikano ya yi dariya har da riƙe ciki.

"Ashe mai gaskiyar naka ne ya koya mata ƙarya!"

Kunya ta rufe Barau, amma ya karɓi guntun ya sa a aljihu.

Ranar kai amarya, da kansa ya roƙi Sabuwa, wadda ta zo biki, ta zauna a gaba. Allura na sauka a hankali, a kan gaskiyarta. Da suka zo Sara, kowa a cikin motar ya tuna abin da ya taɓa faruwa a nan. Barau ya taka totur suka wuce fuu, Kaltume ta rangaɗa guɗa.

A ƙofar gidan ango ya ba Sabuwa guntun, ya gaya mata inda aka samo shi. Ta juya shi a hannu, idonta ya ciko, sannan ta ɗaga shi sama a gaban matan Gwaram.

"Jama'a, ku zo ku gaisa da mai farar ƙafar! Ni dai tun ran nan na ce muku ba ni ba ce."