Daddawar Inna a Buhun Citta

Allah Ya jiƙan Yayana. Shi aka sa boko, ni aka bar ni da allo. Ya yi ta hawa a ma'aikatar ciniki da ke Legas har ya zama cikin manyan da ake turawa Turai su yi magana a kan abin da ƙasarmu ke sayarwa. Ni kuwa ina Kafanchan ina sayen citta.

Shekara bakwai yana bin abu guda: a sa cittar ƙasarmu a aji na ɗaya. Masu saye a can sun ajiye ta a ƙasa, wai da yashi, wai da fumfuna. Ya rubuta, ya sake rubutawa, aka canja minista, ya koma farko. Bayan an rushe hukumomin sayen amfanin gona, sai aka ba shi dama sau ɗaya: ya kawo samfur, masana su duba, su sansana.

Wasiƙarsa ta zo, na sa aka karanta mini, na kwafe sharuɗɗan da ajami don kada in manta. Buhu sabo. Wadda aka shanya a kan dutse, ba a bakin titi ba. Kada wani abu ya taɓa ta.

Na tafi Kagoro wurin wata tsohuwa Kirista da muke hulɗa da ita tun zamanin mahaifinmu. Ta tsaga cittar da hannunta, ta shanya a kan falalen dutse, tana korar awaki kwana da kwanaki. Da na zo ɗauka ta ce in gaya wa Turawa ita ma tana da hanci, ba su fi ta ba.

A zaure na ajiye buhun, na fita neman basilla. Da na dawo na tarar da Inna, mahaifiyarmu, tana gyara bakinsa. Ta ce ta cusa wa ɗanta ƙullin daddawa a tsakiya, don ba a aika wa mutum buhu daga gidansu babu abin miya.

Takardar sharuɗɗan tana aljihuna. Na san abin da ke cikinta. Amma in zura hannu in fitar da kyautar uwa a gabanta? Na ce a raina ai an naɗe ta da ganye. Na ɗinke buhun. Maƙwabcinmu Ibo, ma'aikacin jirgin ƙasa, ya sa mini shi a tarago.

Jirgin ya yi mako biyu a hanya cikin zafi. Buhun ya isa Legas ana gobe Yaya zai tashi zuwa Turai. Ya cire daddawar, ya baza cittar ta sha iska, ya ɗebi ta gefe, ya tafi da ita. Masanan suka ce ba yashi, ba fumfuna, amma akwai baƙon wari. Aka bar ta a ajinta. Kafin wata damar ta zagayo an mai da shi sashen da ba ruwansa da amfanin gona, a can ya yi ritaya.

Da ya zo hutun salla, Inna ta tambaye shi ko saƙonta ya isa.

Ya ce, "Ya isa, Inna. Har Turai aka ji ƙanshinta."

Ta yi murna, ta sa masa albarka.

Da muka fito zaure ya tambaye ni ko na san da daddawar a buhun. Na ce na sani. 

"Da ni ne ma, ƙila ba zan cire ba," in ji shi. "Shi ya fi ba ni haushi."

Ƙaddara ce, na yarda. Amma ni na ɗinke buhun. Tsohuwar Kagoro ta yi ta tambayata kowace kaka me Turawa suka ce, ina ce mata ana kan magana, har ta daina tambaya.