Darasin Kwamfuta a Bakin Famfo

A zamanin da jam'iyya ɗaya ce tal a Togo, ɗan ƙanena ya shiga jami'a karatun kwamfuta. Darasi guda ya tsaya masa a wuya, wato yadda injin kwamfuta ke raba lokaci tsakanin ayyuka, wa zai fara, wa zai jira. Ubansa ya rantse in ya faɗi, sai jiran rumfar atamfa a kasuwar Asigame. Ni da ban gama firamare ba na naɗa kaina mai duba karatunsa.

Da hantsi ya jera matan gidanmu na Zongo a bakin famfo, ya ce shi ne injin. Kowacce ta tari ruwa kaɗan ta koma baya, ko bokiti bai cika ba. Da aka zo kan Inna, kakarsa, sai ya janye bokitinta.

"Kai, mijin banza! Ni za ka mayar baya?"

"Inna, inji bai san babba ba."

Na gyara murya na yanke hukunci cewa injin nan ba shi da tarbiyya.

Dole ya sa Inna gaba, sai gwaggwanni bisa shekaru. Amaryar gidan ta yi ta tsayuwa, domin duk sanda layi ya kusa kanta sai wata babba ta dawo da sabon bokiti. Yaron ya zuba mata ido, can ya ce, "Ashe abin da malaminmu ke ta faɗa ke nan! In ana fifita manyan ayyuka, ƙarami ba zai taɓa samun shiga ba."

Ya ci jarrabawar da ƙyar. Amarya kuwa sai maƙwabta ta je ɗibar ruwa, ta yi kwanaki ba ta amsa gaisuwarsa.