Kawu Idi da Motar Katsina ta Tireshbil

Duk wanda ya san Kawu Idi mai fitila, Allah ya jiƙansa, ya san kujerarsa ta naɗewa. Ranar Juma'a, da an idar da sallah, ba ya komawa shagonsa na Roksi, a birnin Abijan, inda yake sayar da tocila da batura. Sai ya rataya kujerar a kafaɗa, ya hau bas daga Ajame, ya tsallake gada zuwa Tireshbil, ya je ya kafa ta a bakin shingen filin wasan yara. A waje fa, ba a ciki ba. Ni ɗan ƙanwarsa ne, a hannunsa na tashi, shi ya kai ni makarantar allo, don haka ko bayan na zama mai koyar da yara ni ke raka shi idan na samu sarari.

Abin da yake zuwa kallo shi ne jirgin lilo. Wani ɗan jirgi ne mai taragu kaɗan, sarƙa ta ja shi sama a kan dogon ƙarfe, sannan ta sake shi ya gangaro, ya hau, ya sauka, ya karkace, mutanen ciki suna ta ihu, har ya dawo inda ya tashi. An yi masa kan dodo a gaba, baki buɗe, an shafa masa koren fenti da ruwan Abijan ya daɗe da cinyewa. Kawu zai zauna ya bi shi da ido, ya girgiza kai, ya ce maganar nan tasa da kowa ya haddace: "Ba su tambaye ni ba."

Haka yake cewa a kan komai. In aka gyara titi, ba su tambaye shi ba. In miya ta yi gishiri, ba su tambaye shi ba. Har ruwan sama in ya sauko ranar da ya shanya rigarsa, sai ka ji ya fara, sai kuma ya tuna Wanda ya saukar, ya yi maza ya ce, "Astagfirullah, wannan ban da shi."

Wata rana mai gadin ƙofa ya ji tausayinsa, ya ce, "Baba, shekara da shekaru kana nan waje. Ka yanki tikiti ka shigo mana."

Kawu ya ce, "Na ciki me suke yi?"

"Ihu."

"Idonsu a buɗe yake ko a rufe?"

"A rufe."

"To ni na waje nake gani. In biya kuɗi don in daina gani? Kai ɗan nan, wa ya koya maka ciniki?"

Ana nan sai labari ya zo cewa mai filin, wani Misye Kwasi, zai sake wa jirgin kama kafin hutun ƙarshen shekara, domin yara sun gaji da dodo. Kai! Ranar teburin mai shayi na bayan tashar Ajame ya koma majalisa. Mutanen da ba su taɓa taka Tireshbil don wasa ba, kowa ya zama gwani. Sule wanzami ya ce a mai da shi ayarin raƙuma. Samari suka ce giwa, saboda ita ce laƙabin 'yan ƙwallon ƙasar. Alhaji Bala mai atamfa ya ce shi dai jirgin Makka.

Kawu ya ajiye kofinsa. "Jirgin Makka? Ya riƙa wuntsilawa da alhazai suna kiran uwayensu? Alhaji, ka ji tsoron Allah!"

"To kai me ka gani?"

"Motar Katsina."

Aka kwashe da dariya. Shi bai yi ba. Ni kuwa na san daga inda abin ya taso. Kawu yana da jika 'yar ɗansa, wadda aka sa wa sunan mahaifiyarsa, don haka bai taɓa kama sunanta ba, Inna yake ce mata, yana kuma ba ta girman da sunan ya ci. A Abijan aka haife ta. In ka yi mata Hausa sai ta mayar maka da Faransanci. Wata rana ya zaunar da ita ya ce, "Inna, ina ne garinmu?" Ta ce Ajame. Ya ce, "Katsina fa?" Ta yi tunani, ta tambaye shi ko gaba da unguwar Abobo take. Ranar bai ci abincin dare ba. Uban yarinyar kullum cewa yake baɗi za a kai ta gida, ga hanyar arewa ta daɗe da lalacewa tun da yaƙi ya raba ƙasar biyu, ga gwiwar Kawu ba ta ɗaukar doguwar tafiya kuma. Ya ce min, "Malam ƙarami, uwata tana kwance a Katsina, mai sunanta ba ta san ko ta wace ƙofa ake fita a je can ba. In na mutu wa zai nuna mata?"

Shi ya sa ya sa babbar rigarsa ta sallah, ya ja ni in yi masa tafinta, muka je wajen Misye Kwasi. Mutum ne mai fara'a da ƙaton ciki, ya ba mu kujeru. Kawu ya fara zuba tsari. A shafe dodo, a zana motar tasha da kaya a sama: katifa, buhunan goro, keke, akuya ɗaya. Kowane tudu da kowace kwana a kafa allo da sunan gari, bi da bi kamar yadda suke a hanya: Yamusukuro, Buwake, Ferke, Bobo, Wagadugu, Yamai, Doso, Konni, Maraɗi, Jibiya, sai gida. Mai kula da jirgin ya riƙa dukan ƙarfe yana kiran fasinja kamar yaron mota. A can ƙololuwa a kafa jandarma na katako da hannu a miƙe.

Misye Kwasi yana ta dariya yana cewa a ci gaba.

"Kuma kada ya tashi sai ya cika. In ya cika ma a jira direba ya ci abinci. Sannan a tsakiya a tsaya a yi sallah."

"Papa, tafiyar gaba ɗaya ba ta kai shan kofin shayi ba."

Na fassara. Kawu ya ce, "Gaya masa shi ya sa ba ta da albarka."

Da Misye Kwasi ya share hawayen dariya sai ya ce, "Ka taɓa hawa?"

Kawu ya yi kamar bai ji ba. Na ce masa tambayarsa ake yi. Ya ce, "Na ji. Gaya masa likita ba sai ya yi ciwon ba."

"A'a. Ka hau sau ɗaya, ido a buɗe, in ga ka sauko da ƙafarka. In ka yi, na ba ka jirgin, ka zana abin da kake so. In ba ka yi ba, giwa za a yi."

To jama'a, kun san Kawu ko tsani ba ya hawa. Kayan da ke saman kanta a shagonsa, sai mai saye ya hau da kansa ya ɗauko. Muka fito muka hau gada. Sai ya ce, "Malam ƙarami, wannan tafiya, ana yi mata ƙasaru?"

Na ce, "Kawu, inda ka tashi nan za ka sauka."

"Ba abin da na tambaye ka ke nan ba. Sunayen garuruwa goma sha ɗaya, ka ce ba tafiya ba ce?"

Mako guda yana shiri. Ya bi maƙwabta gida gida yana neman gafara. Ya ce in wani abu ya faru a ba Sule wanzami kujerar, amma kada ya ba kowa aro. Mutanen unguwa kuwa suka samu abin yi. Hajiya Ladi mai tuwo ta kawo masa sabulu ta ce don Allah ya kai wa yayarta a Ƙofar Marusa. Ya karɓa, wallahi, ya sa a jaka. Matarsa ta ce, "Malam, wai me za ka yi da buta?" Ya ce matafiyi ba ya rabuwa da buta. Ya haɗa guzuri: kilishi, dabino, gorar ruwa, da tocila sabuwa daga shago, abin da bai taɓa ba kansa ba.

Ranar Juma'a rabin teburin mai shayi ya tsallake gada. Kawu ya yanki tikiti biyu, nasa da na Inna, yana miƙa kuɗin yana kallon gefe kamar ana cire masa haƙori. Mai kula da jirgin ya ce a bar jaka a ƙasa. Kawu ya rungume ta ya ce sai dai a bar shi shi ma. Misye Kwasi ya ɗaga hannu ya ce a ƙyale shi. Ni na zauna a bayansu. Kawu ya karanta addu'ar hawa abin hawa da ƙarfi, ya juya ya ce wa sauran fasinja, yara da iyayensu, "Ku ce amin." Waɗanda ba su ji Hausa ba ma suka ce.

Sarƙa ta fara ja, ƙar, ƙar, ƙar. Ina ganin ƙeyar Kawu tana tsatsafo gumi. Rufin gidaje ya koma ƙasa, ga ruwan tafkin da ya ratsa gari, ga gada, ga dogayen benayen unguwar Filato. Muna dab da ƙololuwa sai aka ɗauke wuta. Kun tuna shekarar nan da ake ta ɗauke ta ba sallama. Jirgi ya yi tsit, hancinsa a sama.

Wayyo! Yara suka fashe da kuka. Wata mata tana kiran Yesu, wani yana salati ba ya kai ƙarshe. Inna ta ƙanƙame hannun kakanta tana kuka da Faransanci. Ni kaina, ba zan ɓoye ba, Ayatul Kursiyyu ta sarƙe min a tsakiya. Sai na ga Kawu ya dubi hagu, ya dubi dama, ya sauke numfashi, kafaɗunsa suka saki. Abin da ya sani ne ya same shi.

Ya ce, "Alhamdu lillahi. Mun iso kan iyaka. Kowa ya kwantar da hankalinsa, 'yan duwan masu duba kaya sun tafi cin abinci."

Ya buɗe jaka. Kilishi ya bi taragu hannu zuwa hannu, dabino ya bi baya, gorar ruwa ta zagaya. Wani yaro da ya yi abin kunya a wandonsa, buta ta yi masa rana. Kawu ya leƙo ya dube ni, ya ɗaga butar sama don in gani.

Sannan ya kama kan Inna ya juya shi arewa. "Inna, daina kuka, dubi can. Bayan benayen nan Ajame ce. In kin fita Ajame kin miƙe, sai ina?"

Ta girgiza kai tana shessheƙa.

"Yamusukuro. Ce."

Ta ce.

"A nan ake sayen burodi. Sai Buwake, a nan taya ke fashewa. Sai Ferke, a nan direba ke rantsuwa cewa an kusa, ƙarya yake yi."

Haka ya bi da ita gari gari, kowanne da abin da ake ci da irin ƙaryar da ake yi a cikinsa. Sauran yara suka daina kuka suka shiga maimaitawa, har 'ya'yan matar nan mai kiran Yesu. Ana cikin zagaye na uku, sun kai Maraɗi, sai wuta ta dawo ba gargaɗi.

Abin da ya biyo baya ban gan shi ba, idona a rufe yake. Amma na ji muryar Kawu ta fi ta kowa: "Direba! Akwai mai sauka! Direba, don girman Allah akwai mai sauka!" Hularsa ta tafi, ba a ƙara ganinta ba. Da jirgi ya tsaya, ya fito da ƙafarsa, ya nufi Misye Kwasi ya buɗe nasa idon da yatsu biyu ya nuna masa, ya ce, "A buɗe!" Sannan ya juya wajen Hajiya Ladi ya mayar mata da sabulunta. "Na je, ba ta nan."

Misye Kwasi ya cika alkawari, ban da tsayawar sallah da jiran direba. Kan dodon ne ya gagara cirewa, a haɗe yake da ƙarfen jirgin, sai mai fenti ya zana masa hula ya bar shi. Muka ɗauka Kawu zai ce ba su tambaye shi ba. Ya daɗe yana kallon bakin nan buɗe da haƙora, ya ce, "A bar shi. Direbobin hanyar nan duk haka suke."

Bai ƙara hawa ba. Ya koma wajensa a bakin shinge, sai dai yanzu kowace Juma'a yana yankar tikiti ɗaya, Inna ta hau, in ta wuce ta gabansa ta ƙwala masa sunan garin da take. Bai cika shekara ba bayan haka, ya kwanta kwana kaɗan, Mai kira ya kira, Kawu ya amsa bai ce a tambaye shi ba.

Da gari ya rikice aka rufe shaguna, muka kwashi mata da yara muka shiga mota a tashar Ajame, ba wanda ya ɗauki abin kirki. Kowa da abin da ya baro. A wani shinge aka tsayar da mu aka daɗe, yara suka fara kuka. Sai na ji wata murya a bayana, da Hausa, tana ce wa ƙannenta, "Ku yi shiru, 'yan duwan sun tafi cin abinci. Nan Ferke ce. Saura Bobo." Inna ce. Ta kai mu har Jibiya ba ta tsallake gari ɗaya ba. Da muka shiga Katsina ta tambayi inda mai sunanta take kwance, aka nuna mata unguwar.

Allah ya jiƙan Kawu Idi, ya yafe masa, ya haskaka kabarinsa fiye da duk fitilun da ya sayar. Allah ya sa ya isa gida lafiya, ba shinge, ba jira. Amin.