Kakin Aro

Mahaifina bai taɓa aikin soja ba. Manomin masara ne, kuma ko kaza za a yanka a gidanmu sai an kira maƙwabci. Amma a hoto guda ɗaya tak da ya bari a duniya, sanye yake da kaki da hular soja, ya ƙame, ya murtuke fuska kamar wanda shanu suka shigar wa gona. A Ƙanƙara aka ɗauke shi wata ranar kasuwa, tun ba a haife ni ba, wurin wani mai hoto da ke rataye kayan aro a bayan labule. Kowa ya shiga sai ya zaɓi abin da yake so ya zama. Abokinsa ya ɗauki alkyabba, shi ya ɗauki kaki. Takalmin ma bai shige shi ba, shi ya sa da silifas ya tsaya.

Hoton yana cikin wata tsohuwar kwalla a ƙarƙashin gadon Inna, tare da na suna da na sauka da na mutanen da ita kaɗai ta san su. A shekarar da mutanen daji suka matsa wa ƙauyukan bayan Tafoki, inda gidanmu yake, na taso daga Funtua da niyyar in kwashe hotunan cikin waya. Ƙauyuka biyu na kusa da mu sun riga sun watse, kuma wanda ya gudu da tsakar rana ba ya tsayawa neman kwalla.

Na ɗauka aikin minti goma ne, sai ga shi ya cinye mini hantsi. In na shimfiɗa hoton a rana, takardar ta yi ƙyalli, fuska ta ɓace. In na koma inuwa, inuwar hannuna ta faɗa a kai. Daga ƙarshe na jingina su ɗaya bayan ɗaya a jikin turmi, a bakin ƙofar ɗaki, ina riƙe numfashi kafin in danna. Na Baba sau shida na ɗauka kafin ya fito tas. Na goge biyar ɗin da suka yi dishi-dishi, na bar ɗaya.

Inna ta karɓi wayar, ta nisanta ta da idonta, ta daɗe tana kallo.

"Yanzu ya shiga ke nan? Ba ya hita?"

Na ce ya shiga, Inna, ko gara ba ta isa ta taɓa shi ba. Har da ɗan alfahari na faɗa.

Ban ankara ba ta miƙe, ta ɗauki hoton daga jikin turmi, ta cusa shi a murhu ƙarƙashin tukunyar wake. Na yi tsalle, amma takardar ta riga ta nannaɗe.

"In sunka shigo sunka ga kaki cikin gida, wa za ya tsaya yi masu bayanin aro ne?" Ta gyara itace ba ta dube ni ba. "Na daɗe ina son ƙona shi, na kasa. Tunda yana wurinka, shi ke nan."

Raina ya ɓaci ƙwarai, amma na san gaskiyarta. Na so in tura wa ƙanwata hoton nan take, sai dai a lokacin babu sabis ko ɗigo a yankin gaba ɗaya. Na ce da na isa Funtua zan tura.

Bayan azahar na shiga motar haya, mu tara a ciki. Mun ɗan yi tafiya sai muka lura babu mota ko ɗaya da ke tahowa daga gabanmu. Duk mai bin hanyar nan ya san ma'anar haka. Dawa ta yi tsayi a hagu da dama, ta rufe komai, ga gonaki babu kowa a ciki. Direban, wani dattijo mai furfura a gemu, ya rage gudu ya yi magana ba tare da ya waiwayo ba.

"Jama'a, kowa ya duba wayarshi. In akwai hoton ɗan sanda ko soja ko ɗan sa-kai, a goge. Waya suke fara buɗewa. Kuma a shiga inda gogaggun ke taruwa a share, sun san wurin."

Na buɗe tawa. Matar da ke kusa da ni, da goyo a cinya, ta leƙo ta ga kakin. Ba ta ɗaga murya ba.

"Malam, don Allah. Ba kai kaɗai za su taɓa ba."

Na so in ce mata manomi ne, na so in nuna mata ƙafarsa. Sai na ji yadda maganar za ta fito a gaban mai bindiga. Na duba saman wayar ko sabis ya dawo, babu. Na kalli fuskar Baba iya kallon da zan iya, ina ƙoƙarin haddace ta. Na goge. Na shiga can inda direba ya ce, na sake gogewa.

Babu wanda ya tare mu. Mun wuce Mairuwa lafiya, muka tarar wata babbar mota ce ta faɗi ta toshe hanya, shi ya hana motoci tahowa. Mutane suka yi ta hamdala, har da masu dariya. Ni kuwa wayar nake ta kallo har tasha.

Na kai wayar wurin masu gyara uku, kowa ya juya ta ya girgiza kai. Na tambayi dangi kaf, babu mai wani hoton.

Da sabis ya dawo, Inna ta sa aka kira mata ni. Muka gaisa, ta ba ni labarin wanda ya tashi da wanda ya rage a ƙauyen. Har za mu yi sallama sai ta ce, "In za ka zo, ka cika wayar nan da caji. Ina son in ga babanku."

Na ce to, Inna.