Bindigar Katakon Hamma

Shekarun baya, ina sakandare a Tambuwal, na koma gida Kebbe hutu na tarar gari ya ɗauka: 'yan fim sun zo. Fim ne na ƙwallo, wai na haɗin kan ƙasa. Labarin wani ƙauye da 'yan bindiga suka tarwatsa, sai samari suka haɗa ƙungiya, da Bahaushe da Bayarabe da Ibo, suka ci kofi, aka ɗaga tuta, kowa ya yi kuka.

Mu Fulani ne, rugarmu na bayan gari. Yayana, wanda nake kira Hamma, duk mai zuwa filin firamare ya san ƙafarsa ta hagu. Da malaminsa na ƙwallo ya aiko masa ana neman 'yan wasa, ko tatsa bai tsaya yi ba. Ya zura rigarsa kore da fari ya nufi filin, ni kuma na bi shi.

Daraktan ya ƙare masa kallo ya ce, "Kai dogo, juyo nan."

"Lamba tara nika bugawa, yallaɓai," in ji Hamma.

"Muna da lamba tara, da shi muka zo. Kai fuskarka ta fi dacewa da wani wuri."

Suka tuɓe masa koriyar rigar, suka naɗa masa baƙin rawani, suka miƙa masa bindigar katako da aka shafe da baƙin mai. Da muka koma gida mahaifiyata ta ji, sai ta aje ƙwaryar hannunta. "Mi kaka nema ga wanga abu? Mutum da hankalinai shi ɗauki kamannin abin da mutane ka tsoro?" Hamma ya yi dariya ya ce, "Wasa na, Inna. Ƙasa muka yi ma aiki."

Ni ma ba a bar ni a baya ba. An shafa mini koren fenti a kumatu, an ba ni 'yar tuta, na wuni cikin rana ina ihu cikin 'yan kallo, ina jin na zama tauraruwa. Da fim ɗin ya fito, gefen hijabina kaɗai aka gani.

Bayan damina wani ya yanko daga fim ɗin wurin da Hamma yake shiga ƙauye da bindiga, ya watsa a waya. Babu ƙwallo, babu tuta, sai rubutu a ƙasa: ga fuskokinsu, a yaɗa. Mu ba mu ma sani ba. Ranar kasuwar Kebbe na raka shi sayen kanwar shanu. Yana ciniki na ga wani mutum ya dubi wayarsa, ya ɗago ya dubi Hamma, ya sake duban wayar.

"Shi na! Wallahi shi na!"

Kafin in buɗe baki an kewaye mu. 'Yan sa-kai suka iso da gorori. Ina ihu, "Fim ne! Katako ne! Ku tambayi kowa!" Kuma akwai kowan a wurin. Na ga fuskokin da muka ɗaga tuta tare. Na kama rigar wani daga cikinsu na ce, "Baba, kai ma kana filin ran nan, gaya musu!" Ya fizge rigarsa ya ce, "Mun san fim na, ɗiyata. To mi ya sa duk cikin samarin gari shi anka zaɓa, in ba an san halinsu ba?"

Wannan maganar ta fi gorar ciwo. Har yau ina jin ta.

Malamin da ya koya wa Hamma ƙwallo tun yana firamare shi Allah ya kawo. Dattijo ne, ya kutsa ya faɗa kan Hamma ya rufe shi da babbar rigarsa, yana cewa, "Ku fara da ni. Ni na ba 'yan fim shi." Da haka aka ja baya. A kan babur muka kai Hamma asibiti a Tambuwal, ina riƙe da shi ta baya, jininsa na zuba a hijabin nan da ya fito a fim. Ƙafar hagu ce ta karye.

Malam ya kira 'yan fim ɗin a waya. Suka ce Allah ya kyauta, su ba su suka yanka ba.

Na taɓa daurewa na kalli fim ɗin har ƙarshe. Wurin da ake rera taken ƙasa an jera kowa, kafaɗa da kafaɗa. Babu mai kama da mu ko ɗaya. An tashi nuna cewa Najeriya ɗaya ce, sai aka ga dole a samo wanda za a haɗu a kansa, aka waiga, aka ga yayana.

Maganar ta mutu tuntuni. An ba mahaifina haƙuri, shi ma ya ce ya yafe. Ni dai har yanzu ba na shiga kasuwa ni kaɗai. In mutum ya dubi waya ya ɗago ya dube ni, sai in ja hijabina in bar wurin.

Hamma yana ɗingishi, yana bin shanu kudu da rani. Bara da ya dawo, ana wasan Najeriya, na same shi ƙarƙashin kalgo da rediyo manne a kunne. Can sai ya zabura, ya manta da ƙafar, ya yi tsalle har ya kusa faɗuwa.

"Mun ci! Ke, mun ci!"

Na ce, "Mu wa, Hamma?"

Ya dube ni. Ya rage muryar rediyon, amma bai kashe ba.