Kakar Masu Jan Riga

A shekarar da na cika sha ɗaya, mako guda bayan Babbar Sallah, wani alhaji Bakano mazaunin Kanada da ya sauka a gidanmu na unguwar Utaibiyya a ƙasa mai tsarki ya bar mana kwali cike da kasusuwan bidiyo. Ya ce wasannin ƙungiyar hoki ta garin da yake zaune a Kanada ne na wata shekara can baya, tun daga farkon kaka har wasan ƙarshe. Mu ba mu da bidiyo. Maƙwabtanmu gidan Ammu Isa, mutanen Chadi, su ke da shi, kuma 'yarsa Maryama ita ce aminiyata.

Ranar da aka fara sakawa, sai ga ƙarti cikin jajayen riguna suna sulɓi a kan ƙanƙara da takalma masu kaifi, suna bin wani ɗan baƙin faifai da sanduna. Abbana, wanda ya gama dakon ƙanƙara a tantunan Mina kafaɗarsa duk ta saɓule, ya riƙe baki. "Abin da muke lallaɓawa cikin buhu, su takawa suke yi!"

Ammu Isa ya kafa doka: kaset ɗaya duk Alhamis bayan la'asar, wai kada injin ya ƙone. Turancin mai sharhi ba ma ji, sai muka raɗa wa 'yan wasan sunaye, akwai Dogo, akwai Mai Giɓi, akwai mai tsaron raga da muke kira Katifa. Sauran kwanakin mako ba na iya zama wuri ɗaya. In aka sa mu wanke tsakar gida, mu zuba omo a kan tayil, mu sa safa, mu ɗauki sandunan goge-goge muna bin murfin gwangwanin madara har sai wata ta sha ƙasa. Jajayen namu suka yi ta faɗi-tashi, Dogo ya karye a tsakiyar kaka, muka yi masa addu'a da gaske, alhali ƙila ya warke tun ba a haife mu ba.

Sai iƙamar Ammu Isa, wato takardar izinin zama, ta ƙi sabuntuwa, aka ce za su koma gida. Kullum in na dawo makaranta, da jakata nake faɗawa falonsu in ga me ya ragu. Yau babu firij, gobe babu dardumar ƙasa. Ni dai idona na kan bidiyo, don saura wasan ƙarshe, kuma mun yi alkawari tare za mu gani. Na roƙi Ammu Isa ya karya doka. Ya shafa kaina ya ce, "Haƙuri, ya binti, Alhamis tana nan tafe, in sha Allah."

Ranar Laraba motarsu ta tashi daga tashar Kudai. Ashe bai sayar da bidiyon ba, ya naɗe shi cikin tawul ya ce a ba ni. Na yi kukan da ban taɓa yi ba.

Da Alhamis ta zo na saka kaset ɗin ni kaɗai. Katifa ya tare wani bugu mai wuya, na kai hannu in daki cinyar Maryama, hannuna ya sauka a kan tabarma. Na tashi na kashe.

Yau 'ya'yana suna kallon wasa goma a waya kafin shayi ya huce, ba wanda ke jiran wani. Sun sha cewa za su nemo mini sakamakon, nakan ce su bari. Ba wanda ya ci nake son sani ba, inda Maryama take nake son sani.