Ƙazafin Baffa Sani

A gidanmu na Tudun Wada, gaban murhun Inna, kakarmu, shi kaɗai ne wurin da mu da 'ya'yan Baffa Sani muke zama tare. Ko a nan ma ba ma haɗa tabarma. Mu a dama, su a hagu, muna hararar juna ta cikin hayaƙi.

Baffa Sani ƙanen babanmu ne, dukansu mahauta. Da ya ga masu saye sun fi tsayawa a teburin Baba, sai ya miƙe a tsakiyar kasuwa ya ce yayansa mushe yake sayarwa. An bincika, an gane ƙarya ce, amma wa zai sake sayen nama a hannun wanda aka taɓa jifa da wannan magana? Baba ya ajiye wuƙa ya koma turin baro. Shekarata tara a lokacin, kuma na tsani Baffa da duk abin da ya haifa.

Idan an ci tuwo, Inna takan gyara itace ta ce, "Ku matso, ɗiyana, wata ta taho." Akwai tatsuniyar da ta fi maimaitawa, ta wani manomi da ƙanensa ya ƙone masa rumbu. Mutumin ya tsinci garwashi ɗaya a cikin tokar, ya sa a kasko, ya rantse da shi zai ƙone rumbun ƙanen ranar da ya cika. Don kada wutar ta mutu, ya ba ta itacensa, ya ba ta zanar gidansa, ya ba ta ƙyaure, har jinkar ɗakinsa. Shekarar da rumbun ƙanen ya cika, shi a fili yake kwana, ruwan sama ya dake shi ya kashe garwashin.

"Wanga mutum," in ji Inna, "sau ɗaya aka ƙone mai, sauran shi ya ƙone ma kainai."

Wata rana na ce, "Da ni ce, ranar farko zan cinna."

Hadiza, 'yar Baffa, sa'ata, ta ce, "Ki gwada."

Muka kaure da kokawa har muka kifar da tukunya. Inna ta tsula mana mafici, sannan ta riƙe hannuna da ƙarfi ta ce, "Rabi, ni na haihi mai ƙaryar, ni na haihi wanda aka yi ma. Wa kike so in ƙone?"

A raina na ce tana kare ɗanta ne kawai.

Baba ya rasu bai sake yi wa ƙanensa magana ba. Bara Hadiza ta kira ni, ta ce Baffa yana kwance a unguwar Mabera, ɓarin jikinsa ya shanye, yana nemana. Sau biyu ina ƙi. Na uku na je, na tsaya a bakin ƙofa ko zama ban yi ba.

"Ki yafe mani, Rabi," ya ce, bakinsa a karkace.

"Ba ni ka yi wa ba, Baffa. Wanda ka yi wa yana kabari."

"Na sani."

Na daɗe ina kallonsa, ina neman tausayi a raina ban samu ba. Daga ƙarshe na ce, "Abin da ya shafe ni na yafe. Na Baba kuma, tsakaninka da Allah."

Ban ji wani sanyi ba, kuma har yau ba na son jin sunansa. Amma na daina zargin Inna. Ta riga ta fid da rai da 'ya'yanta biyu, mu jikoki take ƙoƙarin tsamowa, muka ƙi ji.

Hadiza ta rako ni bakin titi. Muna jiran keke ta tambaye ni 'ya'yana nawa. Na ce huɗu. Ko sunan ɗaya ba ta sani ba. Keke ya zo ya tsaya, na ce wa mai shi ya wuce, na fara faɗa mata daga babbar.